Husavik: Yadda Makiyayan Tumaki Suka Karɓi Sikeli Daga Hannun Mai Saye Guda

Ga taƙaitaccen bayanin shirinmu na wannan mako, mun rubuta shi saboda waɗanda ba su samu kama tashar ba, ko suna daji da dabbobi ko suna kan hanya da kaya. A wannan karo mun yi nisa ƙwarai, har can ƙuryar arewacin duniya, wani tsibiri da ake kira Ayislan. A gaɓar arewacin tsibirin akwai wani ɗan gari mai suna Husavik, wanda mutanensa ba su kai 3,000 ba. Wani zai ce, to mu ina ruwanmu da garin da ko babbar kasuwa ranar cinta ta fi shi jama'a? Dalili shi ne, tumaki ne suka gina garin nan. Kuma abin da ya dami makiyayansa shekaru ɗaruruwa shi ne abin da duk mai dabba ya sani: wa ke riƙe da sikeli, wa ke yanka farashi, in kuma mai saye guda ne tak, ina za ka kai kayanka?

Ƙasar da garin yake

Ayislan tana tsakiyar tekun Atilantika ta arewa. Faɗinta ya kai murabba'in kilomita 103,000, wato ta ɗan gaza Jamhuriyar Benin, amma mutanenta duka kusan 400,000 ne. Ƙasa ce ta ƙanƙara da duwatsu masu aman wuta. A Husavik, tsakiyar watan Yuni rana kusan ba ta faɗuwa, a Disamba kuwa hasken yini ƴan sa'o'i ne kaɗan. Hatsi ba ya yi sosai, itatuwa ba su da yawa. Abin da ƙasar ke bayarwa shi ne ciyawa, shi ya sa tun farko rayuwa ta rataya a kan tumaki.

Kiwonsu ya sha bamban da namu. In ɗumi ya shigo, sai a saki tumaki su hau duwatsu su yi ta kiwo ba makiyayi. A watan Satumba mutanen yanki su haɗu, wasu a kan dawakai wasu a ƙasa, su koro su gaba ɗaya zuwa wani babban shinge, kowa ya ware nasa ta alamar da ya tsaga a kunne. Daga nan sai gida, a ciyar da su da ingiricin da aka yanka aka tara. Yawan ingiricinka shi ne yawan tumakin da za su ga bayan hunturu a hannunka. Sauran dole a sayar ko a yanka da kaka.

Tsofaffin littattafan ƙasar sun ce wajen shekara ta 870 wani matuƙin jirgi ɗan Suwidin mai suna Gardar ya yi hunturu a wurin, ya gina gidaje. Daga nan sunan ya fito, don Husavik na nufin lungun teku mai gidaje. Amma suna kawai aka samu. Kusan shekara dubu bayan haka wurin bai zama gari ba.

Shekara 185 da mai saye guda

Ayislan ta daɗe ƙarƙashin sarautar Danmak. Kafin ƙarni na 17 Jamusawa da Ingilishi suna zuwa ciniki, mai kaya yana da zaɓi. A 1602 Sarki Kirista na Huɗu ya hana haka, ya ce daga yau ƴan kasuwar da ya ba izini ne kaɗai za su saya su sayar a tsibirin. Farashi ma daga fada ake rubuto shi. A 1684 aka ƙara ɗaure igiyar: aka yanka ƙasar yanki-yanki, kowane gida aka ɗaura shi da tasha guda, kai kaya wata tashar ya zama laifi.

Ba wasa ake da dokar ba. Can kudu maso yammacin ƙasar, a 1699, an ɗaure wani talaka mai suna Holmfastur a jikin gungume aka yi masa bulala, don ya sayar da ƴan kifaye a tashar Keflavik maimakon tasharsa ta Hafnarfjordur. Abin takaicin, ɗan kasuwar tasharsa ya riga ya ƙi kifin.

An kasa tashoshin gida biyu: na kifi a kudu da yamma, na nama a arewa da gabas. Husavik tashar nama ce. Da kaka makiyaya su koro tumaki ta kwaruruka har bakin teku, a yanka, a barbaɗe da gishiri, a danna cikin gangunan katako. Su kuma kawo gashin tumaki, da safar ƙafa da ta hannu da iyali suka saƙa cikin dogon dare na hunturu. Akwai kuma farar wuta da ake haƙowa wajen tafkin Myvatn, a ɗauko ta a kan dawakai zuwa Husavik, a kai Turai a haɗa albarushi. Abin da makiyayi ke karɓa shi ne garin hatsi, katako, ƙarfe, igiya, taba da barasa.

A nan ne amsar tambayar da ta sa wurin bai girma ba. Jirgi yakan zo ne lokacin ɗumi, a yi ciniki, ya juya kafin teku ta ɓaci. Har zuwa 1777 doka ba ta yarda ɗan kasuwa ya yi hunturu a ƙasar ba, sai ya garƙame shago ya tafi. Akwai kuma wata dokar da ta tilasta wa duk wanda ba shi da gona ya zauna barantaka a gidan mai gona, shekara-shekara. Manyan masu filaye na Ayislan su ma suna son haka, don kada barori su gudu bakin teku su bar su da aiki. Shago a rufe rabin shekara, talaka kuma ba shi da ikon tarewa kusa da shi, to da me gari zai kafu?

Gaskiya ɗaya dai, tsarin ya wajabta wa ƴan kasuwa aika jirgi kowace tasha, har waɗanda ba riba, kuma masana tarihi sun nuna cewa farashin fada ya fi tausaya wa mai nama bisa mai kifi. Sai dai in garin hatsin da aka kawo ya ruɓe, ba wani shagon da za ka nufa. A 1768 an kawo gari mai tsutsa har sai da hukuma ta sa aka zubar da shi a teku.

Mutumin da ya fi yin suna wajen yaƙi da ƴan kasuwar nan, Skuli Magnusson, wanda aka haifa a 1711, a Husavik ya yi ƙuruciya, ya kuma yi yaron shago a wurin. Labarin da mutanen ƙasar ke bayarwa shi ne, mai shagon yakan daka masa tsawa ya auna daidai, alhali nufinsa ya tauye mudu. A 1749 Skuli ya zama ɗan ƙasa na farko da ya riƙe muƙamin ma'ajin sarki a Ayislan, ya kafa masaƙu a Reykjavik, garin da yanzu shi ne babban birni.

Doka ta canza, littafin bashi bai canza ba

A 1783 dutsen Laki ya yi aman wuta wata takwas. Gubar da ya fitar ta sauka a kan ciyawa. Kusan kashi 80 cikin 100 na tumakin ƙasar suka mutu, da kimanin rabin shanu da dawakai, yunwa kuma ta kashe wajen mutum ɗaya cikin biyar. Bayan wannan masifa, a 1787, aka soke babakeren, aka buɗe ciniki ga duk talakawan sarkin Danmak. Sauran ƙasashe kuwa sai a 1855 aka ba su dama.

A takarda makiyayi ya samu ƴanci. A Husavik kuwa babban shago guda ne, na kamfanin Danmak mai suna Orum da Wulff, wanda ke da rassa a arewa da gabashin ƙasar. Kuɗi a hannu ba su cika yawo ba, komai a littafi ne. Ka ɗauki gari da kofi da sukari bashi, da kaka ka kawo tumaki da gashi a rage. Mai shago ne ke faɗin kuɗin abin da ka ɗauka, shi ne kuma ke faɗin kuɗin abin da ka kawo. In shekara ta ƙare da saura a kanka, baɗi ma nan za ka dawo, don wanda ya kai kayansa wani wuri ana iya rufe masa littafi daidai lokacin da rumbu ya ƙare. Bulala ta tafi, bashi ya karɓi aikinta.

Raguna sun samu wata hanya

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Tsagar ta zo ne daga Birtaniya, inda biranen masana'antu ke cika da ma'aikata masu bukatar nama. Tun wajen shekarun 1870 fataken Sikotland, wanda ya fi suna cikinsu shi ne Slimon na garin Leith, suka riƙa zuwa da jirage masu injin suna sayen dawakai da manyan raguna dandaƙaƙƙu, da ransu. A kai su can, a ƙara musu kiwo a makiyaya, sannan a sayar wa mahauta. Babban abin shi ne da kuɗin zinariya suke biya, hannu da hannu. Makiyayi da yawa a lokacin ne suka fara riƙe kuɗi masu kauri, suka kuma gane nawa ragonsu ke yi a wajen littafin mai shago.

Lokacin kuwa ba mai daɗi ba ne. Dutsen Askja ya yi amai a 1875, toka ta rufe gonaki a gabas. Hunturun 1880 zuwa 1881 ya yi tsanani ƙwarai, a 1882 ƙanƙarar teku ta toshe gaɓar arewa, ga kuma annobar ƙyanda. Dubban mutane suka tattara suka yi ƙaura Kanada da Amurka. Waɗanda suka zauna dole su nemi dabara.

Taron 20 ga Fabrairu, 1882

Ranar nan makiyayan yankin suka taru a wata gona mai suna Thvera, suka kafa ƙungiyar gama kai ta saye da sayarwa. Ita ce ta farko a duk Ayislan. Wanda ya fi ɗawainiya da ita, ya kuma zama manajanta na farko, makiyayi ne daga wajen tafkin Myvatn, Jakob Halfdanarson. Cibiyar aikinta Husavik, don nan jirgi ke tsayawa.

Ga yadda suka tsara abin, ku saurara da kyau. An kasa ƴan ƙungiya rukuni-rukuni bisa unguwanni, kowane rukuni da shugabansa. Kowane gida ya rubuta abin da yake bukata na shekara, ya kuma faɗi raguna nawa da gashi nawa zai bayar. A haɗa odar wuri guda a aika waje, a sayo da sari. Da kaka a haɗa ragunan a jirgi guda a sayar a Birtaniya. Kaya in sun iso, kowa ya karɓi nasa a kan kuɗin saye da na dako da ɗawainiya kawai. Sai sharaɗin da ya riƙe komai: in mutum ya kasa biya, rukuninsa ne zai biya. Saboda haka ba wanda zai yi odar da ta fi ƙarfinsa maƙwabta su yi shiru, ba kuma wanda zai cusa ramammen rago a cikin na jama'a. Daga baya suka samu wakili a garin Newcastle mai suna Zollner, wanda ke sayar musu da dabbobi, ya sayo kaya, ya ɗauki ladansa.

Manajan shagon Orum da Wulff a lokacin, Thordur Gudjohnsen, ɗan ƙasa ne, kuma bai naɗe hannu ba. Ya nuna wa makiyaya cewa wanda ya kai ragunansa ƙungiya kada ya zo neman bashin gari in hunturu ya tsananta. Barazana ce mai nauyi, domin ƙungiya ba ta da babban sito, kuma in ƙanƙara ta rufe teku ba jirgin da zai shigo. An sha wuya a shekarun farko, wasu sun ja da baya. Amma ƙungiyar ta tsaya, shagon kuma ya wayi gari da abokin gasa a ƙofarsa, dole ya riƙa duba farashinsa. Har wanda bai shiga ƙungiya ba ya ci moriyarta.

Abin ya bazu. A 1902, shekara ashirin cif, ƙungiyoyi uku na yankin suka haɗu a gonar Ystafell suka kafa tarayya, wadda daga baya ta game ƙasar, ta zama ɗaya daga cikin manyan masu kasuwanci a Ayislan.

Ranar da aka rufe ƙofa

Sai dai ƙungiyar ta jingina da kasuwa guda. A 1896 majalisar Birtaniya ta yi doka da sunan kare dabbobinta daga cuta: duk dabbar da aka shigo da ita daga waje, a yanka ta nan tashar da ta sauka. Ragon da ya kwana da kwanaki a teku ya rame, kuma ba damar a kai shi makiyaya ya murmure. Farashi ya faɗi, cinikin raguna masu rai ya yi ta ja da baya har ya mutu. Ku da kuka ga yadda kara ke zama in an rufe iyaka dare ɗaya, ba sai an yi muku dogon bayani ba.

Abin da ya cece su shi ne sun riga sun iya aiki tare. Makiyaya a faɗin ƙasar suka juya ga sarrafa kayansu da kansu. Aka gina mayanka na ƙungiyoyi inda ake yanka da tsabta, a tantance nama daraja-daraja, a sa gishiri yadda mai saye ke so, a aika Danmak da Norwe. Aka kafa wuraren kaɗa man shanu. Daga baya injin sanyi ya zo, aka koma aika nama daskararre. Wahalar ta koya musu cewa kayan da ke iya jira a sito sun fi ba mai su bakin magana bisa dabbar da ke ramewa a bakin tasha.

Gari ya tashi

Yanzu abubuwan da suka hana Husavik girma sun kau ɗaya bayan ɗaya. Ciniki na gudana duk shekara. A 1894 aka sassauta dokar barantaka, talaka ya samu ikon zama bakin teku ya ci gashin kansa. Mayanka da sito da lodin jirgi suna bukatar hannu. A farkon ƙarni na 20 aka fara sa wa kwale-kwale injin, kamun kifi ya zama sana'ar da ke riƙe gida. Maƙera, kafintoci da malaman makaranta suka biyo baya. A 1907 aka gama ginin cocin katako da har yau shi ne alamar garin, da katakon da aka kawo daga Norwe. Ayislan ta zama jamhuriya a 1944, a 1950 kuma Husavik ta samu matsayin gari mai majalisar kansa. Sannu a hankali kifi ya sha gaban tumaki.

A nan labarin ya taɓo mu kai tsaye. Busasshen kifin nan mai tauri da kawunan kifi da ake gani a kasuwannin Najeriya, wanda ake kira okporoko ko panla, daga Norwe da Ayislan yake zuwa. A yankin Husavik akwai masu busar da kawunan kifi da zafin ruwan da ke fitowa daga ƙarƙashin ƙasa, kuma Najeriya ce babbar kasuwarsu. Da Babban Bankin Najeriya ya hana masu shigo da wasu kaya, ciki har da kifi, samun dala daga hannunsa a 2015, masu busar da kifi a Ayislan sun ji a jikinsu. Ka ga ke nan, abin da Birtaniya ta yi wa kakanninsu a kan raguna, shi ya sake samun su a kan kifi.

Kifin ma bai dawwama yadda yake ba. A 1984 gwamnati ta ƙayyade yawan abin da kowane jirgi zai kama, daga baya aka halatta sayar da wannan kaso. Manyan kamfanoni suka yi ta saye, ƙananan garuruwa da yawa suka rasa aiki. Ita ma ƙungiyar makiyaya, bayan ta haura shekara ɗari ta shiga harkoki iri-iri, bashi ya yi mata katutu, ta daina ciniki a 1999. Tarayyar ƙasa kuwa ta riga ta durƙushe tun farkon shekarun 1990.

Mutanen garin suka sake duba abin da ke gabansu. Lungun tekunsu, Skjalfandi, matattara ce ta wasu manyan dabbobin ruwa da za mu iya kira giwayen teku. Suna shaƙar iska, suna shayar da ƴaƴansu nono, wata ta fi babbar motar tirela tsawo. A 1995 wasu ƴan garin suka gyara tsohon jirgin kamun kifi na katako suka fara kai baƙi kallonsu. Yau dubban masu yawon buɗe ido ke zuwa kowace shekara, akwai gidan tarihi na dabbobin, ga masaukai da gidajen abinci. Jiragen da aka kusa farfasawa su ne ke ciyar da gidaje.

Abin da muka tsinta a ciki

Na farko, soke doka kaɗai bai ƴantar da makiyayin Husavik ba. Tsakanin 1787 da 1882 shekara 95 ce, duk yana ɗaure da littafin mutum guda. Ya samu bakin magana ne ranar da ya san farashin kayansa a wata kasuwa, ya kuma samu hanyar kai su can.

Na biyu, ƙungiyar ta yi ƙarfi ne lokacin da take ƙanana-ƙananan rukuni na mutanen da suka san garken juna, kowa na tsaya wa ɗan'uwansa, lissafi kuma a fili. Da ta girma ta shiga cin bashi don harkokin da suka yi nisa da makiyayi, sai ta faɗi. Duk masu shirin haɗa kai, ko don sayen dusa da allurar dabbobi da sari, ko don haɗa mota guda zuwa kudu, su riƙe wannan.

Na uku, mai saye guda da kasuwa guda duk haɗarinsu ɗaya. Mutanen Husavik ba su da ikon hana majalisar Birtaniya ko bankin Abuja yanke hukunci. Abin da ke hannunsu shi ne kada ranar ta same su da kaya iri guda da hanya guda.

To jama'a, nan muka tsaya. Muna so mu ji daga gare ku: a kasuwarku wa ke yanka farashi, kuma akwai inda makiyaya ko ƴan kasuwa suka haɗa kai abin ya ɗore? Ku aiko mana, za mu karanta a shiri na gaba. Gaisuwa ga na rugage da na kara, da direbobi da masu dako a Konni da Illela, Ɗan Isa da Jibiya, Magarya da Maigatari. Allah ya ba da sa'ar kasuwa, ya tsare dukiya, ya kai kowa gida lafiya.